Ƙarin jijiyar ji: yadda ake sa masa ido shekara da shekaru, da abin da ke samun jin mai shi

Ƙarin jijiyar ji wani tsiro ne da ke fitowa a kan jijiyar da ta haɗa kunnen ciki da ƙwaƙwalwa. Ba kansa ba ne, ba ya yaɗuwa zuwa wasu sassan jiki, kuma girmansa a hankali yake. A takardun asibiti na ƙasashen da ke aiki da Faransanci za a ga an rubuta « neurinome de l'acoustique » ko « schwannome vestibulaire », duk abu ɗaya ake nufi. A da, da zarar an gano shi sai a shirya tiyata. Yanzu likitoci da yawa kan bar ƙananan a inda suke, su riƙa duba su lokaci-lokaci, domin bincike na shekaru ya nuna cewa mafi yawansu ba sa ƙara girma. Sai dai tsayawar ƙarin ba ta hana jin mutum raguwa. Shi ya sa sa idon yake da fuska biyu: ana auna girman ƙarin, ana kuma auna ji.

Inda yake fitowa

Jijiyoyi goma sha biyu ne ke fitowa kai tsaye daga ƙwaƙwalwa a kowane gefe. Ta takwas ita ce ta kunne, kuma aiki biyu take yi: reshe ɗaya na kai sauti, ɗayan na kai saƙon daidaiton jiki, wato abin da ke sa mutum ya tsaya ko ya yi tafiya ba tare da tangaɗi ba. Jijiyar na bi ta wani ɗan rami a cikin ƙashin kai wanda tsawonsa bai wuce kimanin santimita ɗaya ba. Jijiya ta bakwai, mai motsa fuska, ita ma ta wannan rami take bi.

Ƙwayoyin da ke lulluɓe jijiyar, kamar yadda roba ke lulluɓe wayar lantarki, su ake kira ƙwayoyin Schwann, da sunan masanin Jamus Theodor Schwann. Idan suka yi ta hayayyafa fiye da kima sai ƙari ya samu. Galibi a kan reshen daidaiton jiki yake farawa, amma saboda ƙuncin wurin, reshen ji ne kan fara nuna alama. Ƙarin da ya cika ramin yakan leƙo cikin ƙoƙon kai, kusa da tushen ƙwaƙwalwa.

Kusan kashi 95 cikin 100 na masu shi a kunne ɗaya yake fito musu, ba tare da gado ba, kuma an fi ganinsa a tsakanin shekara 40 zuwa 70. Abin da aka tabbatar yana ƙara haɗarinsa shi ne haske mai ƙarfi na asibiti da aka taɓa haska wa mutum a kai, musamman a yarinta. Babban binciken Interphone da aka gudanar a ƙasashe 13 bai sami ƙarin haɗari ba ga masu amfani da wayar salula yadda aka saba.

Alamomin da ke kai mutum asibiti

Fiye da mutum 9 cikin 10 masu wannan ƙari suna da raguwar ji a kunne ɗaya. Yawanci abin na zuwa ne sannu a hankali, har mutum ya daɗe bai lura ba. Wasu kan fara gane shi ne a waya: sun ji muryar mai magana amma kalmomin ba su fita, sai su mayar da wayar ɗaya kunnen. Ƙara a cikin kunne, mai kama da shuuu ko kukan gyare, tana samun fiye da rabinsu. Akwai kuma tangaɗi, musamman a duhu ko a kan hanya mai gargada. Jiri mai tsanani ba shi da yawa, domin ƙwaƙwalwa na samun lokacin sabawa da raunin jijiyar.

Wasu kuma jin nasu kan ɗauke farat ɗaya, cikin awoyi ko kwana biyu zuwa uku. Wannan lamari ne na gaggawa. Ana ba da magungunan rage kumburi na dangin kotizon, kuma sun fi amfani idan an fara su cikin makonni biyu na farko. Ko da jin ya dawo, ana son a yi hoto, domin dawowarsa ba ta nuna babu ƙari.

Ƙarin da ya girma sosai yana iya sa rabin fuska ya yi sanyi kamar an yi masa allurar kashe zafi, ya kawo ciwon kai, amai, gani biyu-biyu ko wahalar haɗiya. Idan ya toshe hanyar ruwan ƙwaƙwalwa, ruwan kan taru, kuma a nan rai na cikin haɗari.

Yadda ake tabbatar da shi

Matakin farko shi ne gwajin ji, wanda a Faransanci ake kira « audiogramme ». Kashi biyu ne. A na farko ana sa wa mutum sauti iri-iri a kunne, a ga mafi ƙanƙantar ƙarar da yake iya ji, ana aunawa da desibel. A na biyu ana karanta masa jerin kalmomi yana maimaitawa, a lissafa kashi nawa cikin 100 ya kama daidai. Masu wannan ƙari sau da yawa sun fi faɗuwa a gwaji na biyu, domin matsalar a jijiyar da ke kai saƙo take.

Tun 1988 likitoci ke amfani da ma'aunin Gardner da Robertson wajen sanin ko jin kunne na da sauran amfani. Ana cewa yana da amfani idan raguwar ba ta wuce desibel 50 ba, kuma mutum na kama aƙalla rabin kalmomin da aka karanta masa.

Hoton da ke tabbatar da ƙarin shi ne IRM, wanda a Najeriya da Gana ake kira MRI. Idan aka yi allurar sinadarin gadoliniyom kafin hoton, ana iya ganin ƙarin da bai wuce milimita 2 ba. Hoton sikana na iya nuna manya, amma ƙanana kan kuɓuce masa. Haka ma gwajin saƙon lantarki na jijiyar ji, wanda ake rubuta PEA a Faransanci, yakan rasa ƙarin da bai kai santimita ɗaya ba. A rahoton hoto akan ga matakin Koos, daga 1 zuwa 4. Mataki na 1 yana cikin rami, na 2 ya ɗan leƙo, na 3 ya taɓa tushen ƙwaƙwalwa, na 4 kuma ya danne shi.

Darasin ƙasar Danmak

Babban abin da aka sani game da halin wannan ƙari idan aka bar shi ya fito ne daga Danmak. Tun 1976 ake rubuta duk wanda aka gano yana da shi a faɗin ƙasar a kundi guda a birnin Kopenhagen. Likitoci irin su Mirko Tos, Jens Thomsen, Sven-Eric Stangerup da Per Cayé-Thomasen ne suka yi ta bin wannan kundi suna fitar da sakamako.

A cikin shekara 40, daga 1976 zuwa 2015, adadin waɗanda ake ganowa ya tashi daga mutum 3 cikin miliyan ɗaya a shekara zuwa 34. A daidai wannan lokaci matsakaicin girman ƙarin a ranar gano shi ya sauko daga milimita 26 zuwa 7, shekarun masu shi kuma suka tashi daga 49 zuwa 60. Masu binciken sun danganta yawancin wannan hauhawa da yawaitar na'urorin IRM. Wato ƙananan ƙari da tsofaffi ke rayuwa da su har mutuwa ba a sani ba, yanzu hoto na nuna su.

Sai tambayar da ta biyo baya: idan an bar su, nawa ne ke girma? Rahoton 2006 ya nuna kashi 17 cikin 100 na waɗanda ke cikin rami sun girma, da kimanin kashi 29 na waɗanda suka leƙo waje. Da aka sake lissafi da mutane masu yawa da shekaru masu tsawo, sai aka ga cewa bayan shekara 10 kimanin kashi 25 na na cikin rami sun girma, da kashi 42 na na waje. Mafi yawan girman a shekara biyar na farko yake faruwa. Kaɗan daga cikinsu ma kan ragu da kansu.

Abin da wannan ke nufi shi ne, a ƙananan ƙari, fiye da rabin mutane ba za su taɓa bukatar tiyata ko gashi ba. Amma babu gwajin da ke faɗa tun ranar farko wane ne zai girma. Hoto bayan hoto ne kaɗai ke nunawa.

Tsarin sa ido

Waɗanda aka fi zaɓar wa jira su ne masu ƙaramin ƙari da bai taɓa tushen ƙwaƙwalwa ba, da tsofaffi, da masu wasu cututtukan da ke sa tiyata ta yi haɗari, da wanda kunnen mai ƙarin ne kaɗai yake ji da shi. A Danmak an daɗe ana sa ido ga ƙarin da bai wuce milimita 15 zuwa 20 a wajen rami ba.

Asibitoci da yawa kan sake hoto bayan wata shida da na farko, don kama masu saurin girma. Ƙungiyar likitocin ƙarin ƙwaƙwalwa ta Turai, a jagorar da ta fitar a 2020, ta ba da shawarar yin IRM kowace shekara har shekara biyar, daga nan a tsawaita tazarar idan babu canji. Ba a cika daina dubawa gaba ɗaya ba, domin an ga ƙarin da ya yi shiru shekaru sannan ya motsa.

Ana cewa ƙari ya girma idan ya ƙaru da milimita 2 ko fiye tsakanin hotuna. Abin da bai kai haka ba yana iya zama bambancin na'ura ne ko na idon mai aunawa. Wasu cibiyoyin na auna yawan cikinsa gaba ɗaya, suna ɗaukar ƙaruwar kashi 20 cikin 100 a matsayin girma. Yana da muhimmanci a kwatanta sabon hoto da na farkon fari, domin ƙarin da ke ƙaruwa da milimita ɗaya a shekara ba zai nuna canji ba idan da na bara kaɗai aka gwada shi. Gwajin ji kuma ana yinsa aƙalla sau ɗaya a shekara, ko nan take idan mutum ya ji wani sauyi.

Me ya sa ji ke raguwa ko ƙarin bai motsa ba

Girman ƙari da yawan raguwar ji ba su cika tafiya tare ba. Ana samun mai ƙarin milimita 4 da kunnensa ya mutu, ana samun mai milimita 25 yana ji garau. Dalilai uku likitoci ke kawowa. Na farko, ƙarin na matse jijiyar ji a cikin rami. Na biyu, yana rage jinin da ke zuwa kunnen ciki, wanda jijiyar jini guda ɗaya siririya ce ke ciyar da shi. Na uku, wasu ƙarin na fitar da sinadarai masu lahani ga ƙwayoyin ji, kuma an daɗe da sanin cewa ruwan kunnen ciki na masu wannan ƙari yana da furotin fiye da kima.

Kundin Danmak ya nuna abin da ya fi hasashen makomar ji: sakamakon gwajin kalmomi a ranar farko. A rahoton 2010, cikin waɗanda suka kama duk kalmomin da aka karanta musu lokacin da aka gano ƙarin, kusan 7 cikin 10 na da kyakkyawan ji bayan fiye da shekara 10. Cikin waɗanda suka riga suka ɗan rasa wasu kalmomi tun farko, ƙasa da 4 cikin 10 ne suka kai haka. Saurin girma ma na da tasiri: ƙarin da ke ƙaruwa da fiye da milimita 2.5 a shekara ya fi saurin lalata ji.

Lokacin da ake barin jira

Ana sauya shawara idan hoto ya tabbatar da girma, ko ƙarin ya fara danne tushen ƙwaƙwalwa, ko sababbin alamomi sun bayyana a fuska da tafiya. Hanyoyi biyu ne a nan, tiyata da gashi.

Tiyatar ta daɗe. Harvey Cushing na Amurka ya wallafa littafi a kanta a 1917, lokacin da mutuwa a wannan aiki take da yawa. A shekarun 1960 William House a birnin Los Angeles ya shigo da madubin ƙara girma, aikin ya yi sauƙin haɗari ƙwarai. Ƙofofi uku ake bi. Ta cikin ƙashin kunne, wadda ke kashe ji a wannan gefe baki ɗaya amma tana ba likita damar ganin jijiyar fuska da wuri. Ta bayan kunne, da kuma ta saman kunne, waɗanda ake iya ƙoƙarin ceto ji da su idan ƙarin ƙarami ne. Babban abin tsoro shi ne shanyewar rabin fuska, kuma haɗarinsa na ƙaruwa da girman ƙarin. Shi ya sa wani lokaci likita kan bar ɗan ɓurɓushi a jikin jijiyar, a ci gaba da sa masa ido.

Gashi kuwa shi ne harba haske mai ƙarfi daga kusurwoyi da yawa ya haɗu a kan ƙarin. Lars Leksell na Suwidin ne ya ƙirƙiro na'urar Gamma Knife, kuma a 1969 aka fara amfani da ita kan wannan ƙari a Stockholm. A Faransa asibitin La Timone na Marseille ya fara a 1992. Ana yinsa ga ƙarin da bai wuce kimanin santimita 3 ba. Ba ya cire ƙarin, yana tsayar da girmansa ne a fiye da mutum 9 cikin 10. Ƙarin na iya ɗan kumbura a shekara ɗaya ko biyu na farko, kuma wannan ba ya nuna aikin ya gaza.

Tsayar da ƙari da ceto ji abubuwa biyu ne daban. Wani bincike na asibitin Mayo a Amurka, wanda aka wallafa a 2013, ya bi waɗanda aka yi wa gashi suna da ji mai amfani: kashi 80 cikin 100 na riƙe da shi bayan shekara ɗaya, amma bayan shekara 10 saura kashi 23. A birnin Bergen na ƙasar Nowe kuma an raba mutum 100 masu ƙanana da matsakaitan ƙari gida biyu ta hanyar ƙuri'a, rabi aka yi musu gashi nan take, rabi aka sa musu ido. Sakamakon da ya fito a 2023 ya nuna cewa bayan shekara huɗu ƙarin waɗanda aka gasa ya fi raguwa, amma ba a ga bambanci mai ma'ana a jinsu ba. Saboda haka gaggawar magani ba ta ba da tabbacin ji zai tsira, kuma wannan na cikin abin da majiyyaci zai auna tare da likitansa.

Nau'in gado

Kimanin kashi 5 cikin 100 na masu wannan ƙari suna da cutar da ake kira NF2. Matsala ce a ƙwayar halitta da ke kan kuromozom na 22, wadda aka gano a 1993. Masu ita kan sami ƙari a kunnuwa biyu, sau da yawa tun suna samari ko 'yan mata, tare da wasu ƙari a ƙwaƙwalwa da laka. Kowane ɗan da mai cutar ya haifa yana da damar gado rabi da rabi, kuma kusan rabin masu ita su ne na farko a danginsu. A nan sa ido na har abada ne, kuma ana duba 'ya'ya tun suna yara. Tun 2009 ake amfani da maganin bevacizumab, wanda ke rage ƙarin ko gyara ji ga wasu daga cikinsu.

Rayuwa da kunne ɗaya

Wanda ya rasa ji a gefe ɗaya yana fama da abu biyu: gane inda sauti ya fito, da fahimtar magana cikin hayaniya kamar ta kasuwa, tasha ko taron biki. A kan titi akwai haɗari, domin ba zai san ta ina babur ke tahowa ba, sai ya waiga hagu da dama da ido. A zama ya kamata ya ba mai magana kunnen lafiya, ya kuma gaya wa iyali da abokan aiki halin da yake ciki, don kada a ɗauka girman kai ne ya hana shi amsawa.

Idan akwai sauran ji, na'urar ƙara ji ta yau da kullum na taimakawa. Idan kunnen ya mutu, akwai na'urar CROS mai ɗaukar sauti daga wannan gefe ta tura wa kunnen lafiya, da wata da ke aika sauti ta ƙashin kai. Ana iya dasa na'ura a kunnen ciki idan jijiyar ji na nan da ranta. Ga masu NF2 da suka rasa jijiyoyin biyu akwai wadda ake dasawa a tushen ƙwaƙwalwa, wadda aka fara a 1979. Kunnen lafiya kuma sai an kiyaye shi daga ƙarar injin niƙa, janareta da lasifika, da kuma allurai masu lahani ga ji irin su jentamisin da sitireptomisin, sai da umarnin likitan da ya san halin da ake ciki.

Ga mazauna yankinmu

A ƙasashen Sahel da maƙwabtansu, abubuwan da suka fi kawo kurumta su ne ciwon kunne mai ruwa, sanƙarau, ƙyanda, hangum, sikila, zazzaɓin Lassa da wasu magunguna. Ƙarin jijiyar ji bai kai su yawa ba ko kusa. Abin da ya kamata ya sa a yi tunaninsa shi ne raguwar ji ko ƙara a kunne ɗaya tak, ga babban mutum, ba ciwo ba ruwa, likita kuma ya leƙa ya ga dodon kunne lafiya lau. Mai irin wannan ya nemi likitan kunne, hanci da maƙogwaro, wato ORL, ya nemi gwajin ji.

Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya kan ji na 2021 ya nuna cewa a yawancin ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi likitan kunne ɗaya bai kai ga mutum miliyan ɗaya ba. Na'urorin IRM a manyan birane suke, na'urar Gamma Knife kuwa a wurare ƙalilan take a Afirka, kamar Alkahira da Rabat. Wannan na sa tsarin jira ya yi nauyi ga wanda zai yi doguwar tafiya ko ya tsallaka iyaka kowace shekara. Idan mutum ya san ba zai iya dawowa a kan lokaci ba, ya faɗa wa likita tun farko, domin hakan na iya sauya shawarar da za a yanke.

Wanda ke yin hoto a ƙasashe daban-daban ya riƙe faifan hotunansa da kansa, musamman na farko, tare da duk takardun gwajin ji. Rahoton da aka rubuta kaɗai ba ya isa a kwatanta milimita da milimita. Batun harshe ma na da tasiri. Idan jerin kalmomin gwaji na Faransanci ne ko Turanci, mutum kuma bai iya harshen sosai ba, makinsa na iya faɗuwa ba don kunnen ba. Ya sanar da mai gwajin, a rubuta harshen da aka yi amfani da shi, a kuma riƙa maimaita gwajin da harshe ɗaya kowace shekara.

Tsakanin ranakun ganin likita, alamomin da ba a jira da su su ne ɗaukewar ji farat ɗaya, sanyi ko karkacewar fuska, tangaɗin da ke ƙaruwa, ciwon kai mai tsanani da amai, da gani biyu-biyu. Duk wanda ya ga ɗaya daga cikinsu ya koma asibiti a ranar, da hotunansa a hannu.